Sunan da Ban Faɗa Ba a Gaban Mai Gari

Zuwa ga Issufu ɗan Malam Ari, maƙwabcina, abokin nomana, kuma surukina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sa kana cikin rahamarsa, ya yalwata maka makwanci, ina sanar da kai cewa mu nan muna lafiya. Damina ta yi kyau gwargwado, gero ya shiga rumbu, wake ne dai tsutsa ta taɓa. Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Jikarmu Balkisa ta ce in na rubuta za ta ɗora a wayarta mutane su karanta. Na ce ta ɗora, ai dama kai ba ka taɓa ƙin taro ba.

Albishirinka. 'Yarka, matar ɗana Habu, ta sauka lafiya, kuma namiji ne. Bayan 'yan matan nan da suka cika mana gida, bayan har mun daina sa rai, Allah ya kawo shi. Da ungozoma ta leƙo ta faɗa, na miƙe tsaye ba sanda, ni da gwiwata ta hana ni tsayuwar salla. Na fita ƙofar gida ina gaya wa duk wanda ya wuce, har da Bafillatanar da ta kawo nono, wadda ba ta san ni ba. Da aka ɗora mini shi a cinya na duba shi sama da ƙasa ina neman kamannina. Kunnuwanka ne, Issufu. Waɗannan fankama-fankaman da muke cewa iska za ta ɗauke ka da su. Ko hanci ban samu ba.

Gobe ne suna. Ni ne uban uba, a bakina sunan yake, ni zan raɗa wa liman da asuba. Habu ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, hakkinka ne, amma ita tana son sunan mahaifinta." Na ce masa na ji. Har yanzu ban ba su amsa ba, gidan duk an zuba mini ido. Kafin in ba su, kai zan fara ba, domin akwai maganar da ta kamata mu yi tun muna da baƙin gashi, ba mu yi ba.

Ka tuna shekarar babban fari. Ruwa ya sauka muka shuka, ya ɗauke, shuka ta ƙone. Muka sake, ta sake ƙonewa. Abin da na samu a gonata ta kwari bai taka kara ya karya ba, amma na haɗa shi da ragowar na bara na zuba a ƙaramin rumbu na bayan gari, na liƙe bakinsa da laka. Haka ubana ya koya mini: ba a buɗe rumbun ƙarshe sai ruwa ya sauka an ɗauki hauya, domin mai noma ne ke bukatar ƙarfi, kuma a ciki iri yake. Na riƙe wannan magana kamar karatu.

Muka shiga cin anza, 'yar itacen dajin nan mai ɗaci. Mariama, matata, tana jiƙa ta kwana da kwanaki tana zubar da ruwan, ɗacin bai fita duka ba. Muka ci ganyen jiga, muka tona gidan tururuwa muna kwasar abin da suka tara. Kullum da yamma in je in dafa rumbun nan in ji sanyi a raina. Ina cewa Mariama ta yi haƙuri, abinci na nan, lokaci ne bai yi ba. Habu na goye a bayanta yana tsotson nonon da babu kome a ciki. Yayarsa kuwa, 'yata ta fari, ta fara wayo, tana bin uwarta da ƙoƙo a hannu.

Kai kuma ka kwashi iyalinka kuka bar gari. Aka ce kun bi Tirmini kun shiga Damagaram, daga nan kun yi kudu. Ba kai kaɗai ka tafi ba, rabin gari ya tafi, saboda haka ban kawo kome a raina ba. Har addu'a na yi muku.

Ranar da yarinyar ta kasa tashi zaune, Mariama ta dube ni ta ce, "Ko ka buɗe, ko in buɗe." Na ɗauki gatari na je na fasa lakar. Daga sama zangarniya ce shirye kamar yadda na jera ta. Na zura hannu, hannuna ya wuce. Ƙarƙashin jeren farko kara ne da ƙaiƙayi. An huda gindin rumbun ta ƙasa, an zare geron kaɗan-kaɗan, an cusa kara don kada sama ta rufta, an mayar da laka an shafe. Aikin mai hankali ne, Issufu. Ko a ranar sai da na yaba hannun wanda ya yi shi.

Ɗan abin da ya rage muka yi mata kunu. Ya zo a makare. Kamyon, babbar motar da ta kawo jar dawa ta taimako, shi ma ya zo a makare. Muka kai ta bayan gari, ni da mutum kaɗan da ke da ƙarfin riƙe magirbi. Ban yi kuka ba. 'Yar fari ce, ka san yadda muke: uba ba ya kiran sunanta, ba ya ɗaukarta a gaban mutane, ba ya nuna ya san da ita. Da aka zo mini gaisuwa cewa nake, "Yarinyar gidan ce, Allah ya karɓi abinsa."

Da ƙasa ta warke ka dawo, da matarka da 'ya'yanka, ba wanda ya ɓace a cikinsu. Na ƙirga su da ido suna saukowa daga amalanke. Wannan shi ne kishina na farko, kuma a lokacin ban ma san da gerona suka rayu ba.

Ba wanda ya zarge ka. Da ka yi shiru da har yau ba a sani ba. Amma ka tashi da ƙafarka ka je ƙofar mai gari, ka cire hula ka ajiye a ƙasa, ka ce kai ne. Aka aiko a kira ni. Na tarar gari ya taru, baffannina na zaune a gaba, liman na gefe. Mai gari ya ce in ina so za a aika wa jandarma su tafi da kai kaso, in kuma na yarda a yi sulhu a nan gida. Kafin in buɗe baki dattawa suka amsa, sulhu ya fi. Ni ma da an bar ni da sulhun zan ce, amma ba a bar ni ba.

Sai mai gari ya tambaye ni abin da na rasa. Tambayar daidai ce, ban zarge shi ba. Sunan ya taso mini har maƙogwaro. Na dubi baffannina, na dubi taron nan, na ga ba yadda za a yi namiji ya ambaci 'yarsa ta fari a gaban iyayensa. Na ce, "Gero ne." Ya ce, ba wani abu? Na ce, "Gero ne kawai." Duk wanda ke wurin ya san ba gero ne kawai ba, amma kunyar da ta rufe mini baki ita ta rufe nasu. Mariama kuwa ba a ma kira ta ba, tana cikin gida tana daka.

Aka yanke cewa za ka cika mini rumbu, kuma za ka riƙa fara nome gonata kafin taka har sai ya cika. Liman ya yi dogon wa'azi a kan darajar mai tuba, har wasu na share hawaye. Sannan aka juyo gare ni, aka ce na yafe? Ido ya yi mini yawa. Na ce na yafe. Aka shafa fatiha.

Abin da ya biyo baya shi ne ban manta ba. Mutane suka tashi suka kewaye ka, wannan ya ba ka hannu, wannan ya dafa kafaɗarka, wani ya ɗauko hularka ya kaɗe ya sa maka. Namijin duniya, in ji su. Ni kuwa na tsaya ina neman takalmina a cikin na jama'a. Na same shi, na sa, na tafi gida ni kaɗai. Kai ka yi sata, kai aka raka gida.

Na yi niyyar ba zan yi maka magana ba a gona. Na riƙe wannan niyya har wajen noman farko ya kusa ƙarewa. Amma wa zai iya yini kusa da kai bai yi dariya ba? Kana tura hauya kana kwaikwayon tafiyar mai gari, kana kwaikwayon yadda jakin mahaifinka Malam Ari ke kallon mutum in an ɗora masa kaya. Ranar da dariya ta kuɓuce mini na ji haushin kaina, na juya baya. Ka ce, "Na gani, Haruna, ba sai ka ɓoye ba, haƙoranka ba na sayarwa ba ne." Ka yi aikin da gaskiya, wannan ba zan hana ka ba. Kana riga ni zuwa, ina riga ka tashi. Rumbu ya cika har ya yi toro. Mutane suka riƙa nuna mu suna cewa ga abin da sulhu ke haifarwa.

A cikin wannan lokaci matarka ta haihu, mace. Na je suna da asuba na zauna kusa da kai, aka miƙo mini goro na sa a baki. Liman ya yi addu'a, sanƙira ya miƙe ya ɗaga murya ya faɗi sunan. Sunan 'yata ne. Na juyo na dube ka, kai kuma ƙasa kake kallo kana zane da yatsa. Ba ka ce mini kome ba, a ranar ko bayanta. Ni ma ban tambaye ka ba.

Na dawo gida na tarar labari ya riga ni. Mariama ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito sai ta ɗauki sabulu da zanen goyo ta nufi gidanku. Daga baya ita ke goyon yarinyar in uwarta ta tafi rijiya. Ita ta ɗauki abin a matsayin ban haƙuri. Ni ban san yadda zan ɗauke shi ba. Wata rana in ce, bawan Allah nan yana roƙona gafara ne ta hanyar da ya iya. Wata rana in ce, ya kwashe geron, yanzu ya dawo ya ɗauke sunan. Ina zaune a ƙofar gida in ji ana ƙwala kiran sunan nan ta kan danga, wata ƙaramar murya ta amsa, a gidanka. Taka tana girma, tana tafiya, tana faɗuwa tana tashi. Kishin da na yi a shekarun nan Allah kaɗai ya san yawansa.

Ka tuna da aka buɗe makarantar yamma ta manya a rumfar mai gari? Kai ka ja ni. Ka ce gemu ba ya hana riƙe alli. Muka zauna a tabarma bayan la'asar, mu da furfurarmu ta fara fitowa, mushe, wato malamin makaranta, ɗan yaro yana nuna mana baƙaƙe. A nan ma ka fi ni. Kana karanta rubutun jikin buhu ina nan ina kokawa da wutsiyar "g". Mushe na cewa a tafa wa Issufu, ni ma ina tafawa, raina a ɓace. Amma ga shi yau ni ke rubutu kai ba ka iya amsawa. A makarantar nan na gane wani abu: abin da kunya ta hana baki, ba ta hana hannu ba. Shi ya sa na zaɓi takarda.

Da Habu ya isa aure, duk 'yan matan gari bai ga kowa ba sai 'yarka. Na so in hana, na rasa dalilin da zan faɗa. Ta shigo gidana da sunan nan a kanta. Ban taɓa kiranta da shi ba. "Ke yarinya," nake cewa, daga baya "uwar Balkisa". Mutane suka ce Haruna akwai kunyar suruka. Na bar su a haka. Kuma ka sani, ban taɓa ganin laifinta ba. Ta riƙe ni kamar uba, ita ke dama mini fura yadda nake so, da tsami kaɗan.

Jikoki suka zo, nan ma ka ƙwace. Ka je kasuwar Mirriya ka dawo aljihu cike da dabino da alawa, su yi ta tsalle suna rataye a wuyanka. Ni in kawo gyaɗa daga gonata su karɓa su ce an gode. Balkisa tun tana ƙarama take cewa kai ne angonta, ni kuwa tsohon mijin da ta ajiye don gadin gida. In ce mata, "Ke da waɗannan ƙafafu kamar sillen kara, wa ma zai aure ki?" Ta ce, "Wanda ya fi ka kunne." Ku yi ta dariya ku biyu. Wasa ne, na sani, amma ko a wasan kai ke ci.

Har mutuwa ka riga ni, ka kuma yi ta da kyau. Jana'izarka mutane suka zo daga ƙauyukan da ban san ka taɓa takawa ba. Liman na yanzu, wanda ba a haife shi ba lokacin fari, ya ba da labarin tubarka daga farko har ƙarshe. Ya ce ka ɗauki hatsin "wani maƙwabcinsa". Ina zaune a sahun gaba. Ni ne wani maƙwabcin. Na yi kukan rashinka, Issufu, na gaskiya, har aka riƙe ni. Amma ko a cikin kukan sai da wannan kalma ta soke ni.

Yanzu bari in gaya maka abin da amaryarka Balkisa ta yi. Ka san tana karatun shari'a a Yamai. To ashe ba alƙalanci ta fi so ba. Ta ce ita abin da take bi shi ne mutanen da aka zalunta: wanda aka yi wa sata, wanda aka daka, wanda aka kashe wa nasa. Bayan an gama shari'a ko sulhu, ina suke kwana, wa ke duba su, kuma sulhun ya warkar da su ko rufe musu baki ya yi. Da ta zo hutu ta riƙa bin tsofaffin gari tana tambaya. Duk wanda ta je wa sai ya ce ai labarin kakanki Issufu ya isa. Ta je gidan mai gari, ta je gidan liman, ta je wajen 'ya'yanka. Ina zaune a gindin itacen bedi ina ganin wucewarta. Na ce a raina, ko a karatun waɗanda aka zalunta, ɓarawon aka fara nema.

Ni ta zo wa a ƙarshe, da hantsi, ina gyaran igiya. Na ce mata, "Sai yanzu aka tuna da mai gadi?" Ta ce, "Babban kaya ake bari a ƙarshe, tsoho." Ta zauna a ƙasa. Na ɗauka za ta tambaye ni yadda ka tuba, na shirya ba ta labarin da kowa ya haddace. Sai ta ce, "Kaka, ranar nan da aka tashi, kai wa ya raka ka gida?"

Na ajiye igiyar. Tunda aka yi abin ba wanda ya taɓa tambayata ta wannan gefen. Na ce ba kowa. Can ta ce, "Ban da gero, me ka rasa?" Tambayar mai gari ce ta dawo, amma wannan karon ba baffanni, ba taro. Jika ce, kuma tsakanin kaka da jika babu kunya, wanda kuke zagin juna kullum me za ka ɓoye masa? Na buɗe baki sunan ya fito da kansa.

Salamatu.

Ga shi na rubuta, ka gani. Salamatu, 'yata ta fari. Tana da wushirya. Tana tsoron zakara. In na dawo daga gona takan laɓe a bayan turmi tana leƙena, ni kuma in yi kamar ban gan ta ba, in wuce. Ban taɓa ɗaukarta ba sai ranar da na ɗauke ta zuwa bayan gari.

Balkisa ba ta san an taɓa yin wata Salamatu kafin uwarta ba. Ba wanda ya gaya mata, duk waɗanda ta bi ta tambaya gero suka ce mata. Ta yi kuka, na yi. Sannan ta tashi ta kira kakarta, ta yi mata tambayar da ba a yi mata ba tun wancan lokaci. Mariama ta yi magana har azahar. Abubuwan da ta faɗa, ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita ban san tana ɗauke da su ba.

Da Habu ya kawo maganar suna a makon nan, sai na ga gidan ya koma ƙofar mai gari. Kowa ya zuba mini ido irin na waccan rana, ana jiran in ce to. Ƙanwata har ta fara cewa ai Yaya mai haƙuri ne, ya yarda. Balkisa ta katse ta. Ta ce, "Inna, a bar shi ya faɗa da bakinsa. In ya ce a'a, a'a ce, kuma ba wanda zai ga laifinsa." Uwarta ta harare ta, ita ko a jikinta.

Ka san me na yi da wannan dama? Na yi amfani da ita. Kwanakin nan na ce a'a a raina, na ji daɗinta. Na gwada sunana a kan yaron, ya zauna daram. Na gwada na ubana. Na ce Issufu ya samu yabo, ya samu rakiya, ya samu 'ya'yansa cif, ya samu tafin mushe, ya samu jikoki, ya samu kunnuwa, wannan ɗaya dai a bar mini. Ban ji kunyar tunanin ba. Hakkina ne.

Ɗazu da la'asar na shiga ɗakin mai jego, abin da ban saba ba. Mariama na wurin tana riƙe da jaririn. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Salamatu." 'Yarka ta ɗago a firgice, don ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba. Na zauna na gaya mata inda sunan ya fito, duka, ban rage ba, har da ramin da ka yi a gindin rumbu. Na ga ya kamata ta sani kafin ta roƙe ni sunanka.

Sannan ta ce, "Baba, ni ba 'yar fari ba ce a gidanmu, ina da yayye. Ban da ɗan fari, duk yana kiran sunansu. A cikin mu na baya, ni kaɗai ce bai taɓa kira ba har ya rasu. Uwata yake ce mini. Na sha tambayarsa dalili, sai ya tashi ya fita."

Kai, Issufu. Ashe kai ma ba ka iya faɗarsa ba. Ka sa sunan a gidanka inda za ka ji shi safe da yamma, ka hana kanka mantawa, ka kuma yi masa kunya kamar kai ka haife ta. Muna zaune a tabarma ɗaya shekara da shekaru, muna raba goro, kowa na riƙe da gefe ɗaya na abu guda, ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa ya yi nauyi. Da ka yi magana. Da na yi. Kuma ka ga halinka: baƙin cikin ma da nake taƙama nawa ne ni kaɗai, sai da ka sa hannu a ciki.

To ga amsata. Gobe da asuba zan sunkuya in raɗa wa liman sunanka. Ba don Habu ya durƙusa ba, ba don ido ya yi mini yawa ba. An ba ni a'a na riƙe ta kwana da kwanaki, na ajiye ta da kaina. Yafewar da na yi a ƙofar mai gari ta mutane ce, su suka nema, su na ba. Wannan tawa ce. Na yafe maka geron, na yafe maka Salamatu.

Kada ka ɗauka ka ci banza. Uwarsa ba za ta iya kiran sunan ubanta ba, Habu ba zai kira na surukinsa ba, duk gidan Baba za su riƙa ce masa. Ni kaɗai zan kira shi Issufu gatsau, in ja masa kunne, in ce ɓarawon gero zo nan. Zan ɗauke shi a gaban kowa, a ƙofar gida, a kasuwa, a bakin masallaci. In ya yi wayo ni zan kai shi rumbu in buɗe masa da hannuna, ya ɗiba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka abin da na sani da wanda ban sani ba. Allah ya raya takwaranka a kan imani, ya sa kada ya ga shekara irin wadda muka gani. Allah ya yi wa Balkisa albarka, ya ba ta ƙarfin zama kusa da waɗanda aka bari suna neman takalminsu. Allah ya ba Mariama ladan shirun da ta yi. Amin.

Kishi ɗaya ya rage mini, shi kuwa ba ni da maganinsa: ka riga ni zuwa inda take. In Allah ya haɗa ku, kada ka yi mata irin tamu. Ka kira ta da sunanta, da ƙarfi, ka ce ubanta ne ya aiko ka. Ka ce mata duk ranar da ta laɓe a bayan turmi, na gan ta.

Naka, wanda ka bari da gadin gida,
Haruna.